Likkafanin Inna a Cikin Akwatina

Ƙarar tayar akwati ce a kan siminti, gurrr, daga ƙofar ɗakina zuwa gindin randa. Ina madafa ina tankaɗe garin dawa bayan La'asar na ji ta, kuma kafin in ajiye rariya ta sake dawowa, har da dariyar ɗiyata auta, wadda a lokacin take shekara shida. Ta gano akwatin a bayan gado inda na ɓoye shi, ta zare buhun da aka kawo shi a ciki daga Sakkwato, ta koyi yadda ake jawo hannunsa, ta mai da shi mota.

Na fito da sauri, hannuna duk gari, amma an riga ni. Katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta ta zube a gefe guda tun damina, ba a gyara ba, kuma ta nan maƙwabciyata ta leƙo. Ta dubi akwatin, shuɗi, sabo fil, da ledarsa a jiki. A unguwarmu ta Sabon Birni hanya ɗaya aka san irin wannan akwati da ita.

"Ashe Makka ta yi kira, shi ne babu labari?" in ji ta. "Umra za a tahi?"

Na buɗe baki, na tuna gargaɗin maigidana, na rufe. Murmushi kawai na yi. Ta yi mini barka, ta yi salati, ta juya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina har kusan mako biyu.

Ba Umra za mu ba. Ƙanena ne, wanda na goya bayan rasuwar mahaifiyarmu, ya shirya mana tafiya. Likita ne a ƙasar waje, ya daɗe bai zo gida ba saboda halin da ake ciki, sai ya ce mu za mu je mu same shi, ni da maigida da auta, tunda manyan yaran suna makaranta a Sakkwato. Kwana huɗu a gandun namun daji a Tanzaniya, kwana biyar a bakin teku a tsibirin Zanzibar. Da na ce masa wannan almubazzaranci ne, sai ya tuna mini da babanmu, yadda yakan ba mu labarin giwayen da kakansa ya ce suna ratsa dajin Gobir, da yadda nake nuna masa teku a littafina na sakandare, ina yi masa bayanin abin da ni ma ban taɓa gani ba. Sannan ya ce, "Yaya, ina son ki shiga daji sau ɗaya gabanki bai faɗi ba." A lokacin na shekara huɗu ban taka gonarmu ta hanyar Kurawa ba. Da haka ya shawo kaina, na amince.

Maigidana hatsi yake sayarwa a kasuwa, ya fi ni sanin yadda magana ke yawo. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada kowa ya sani. Mutanen daji masu ɗaukar mutane don fansa ba sa bin gida gida su duba wa ke da shi, faɗa musu ake yi, kuma mai faɗar yana iya zama wanda kuka yi sallah sahu ɗaya. Da na gaya masa abin da maƙwabciya ta ce, sai ya yi ajiyar zuciya, ya ce sutura ce Allah ya aiko. Wanda ya tafi Umra, ana cewa wani ne ya ba shi kujera, Allah ya ciyar da shi. Amma a ji an ɗauki mace da ɗiya an hau jirgi don kallon jakin dawa, wannan yana nufin akwai wani a dangi da abin hannu ya yi wa yawa, kuma irin wannan labari ba ya kwana a gari. Ya ce ai ban yi ƙarya ba, su suka faɗa.

Aka kafa wa auta doka biyu: ba jan akwati, ba zancen giwa. Ta kiyaye, Allah ya yi mata albarka, amma ya yi mata nauyi. Wata rana na same ta a garke ta riƙe kunnen akuya tana raɗa mata wani abu.

Ni ma kusan haka nake. A gidanmu wuri ɗaya ne sabis ke kamawa, ƙarƙashin darbejiya, daidai inda katangar ta zube. A nan nake tsayawa ƙanena yana zuba mini zaɓi. Tanti ko otal? Tantin ba irin na 'yan gudun hijira ba ne, akwai gado da banɗaki da ruwan zafi, ana jin kukan zaki daga nesa. Motar shiga daji mai buɗaɗɗen rufi, da asuba ko da yamma? Ni kuwa ina cewa "to," "na farkon," "yadda ka gani," idona a kan ɓaraguzan katanga. Tambayoyina na gaske a rubuce nake tura masa. Ina alƙibla a cikin dajin? Naman yankan wa? Bakin tekun, ba wurin tsiraici ba ne? Ya ce mutanen tsibirin Musulmi ne, ana jin kiran sallah, kuma ya kama mana gida mai ƙofa zuwa yashi, ba ruwana da kowa. Ya turo hoton ruwan, kore shar a kusa, shuɗi a nesa. Nakan shiga ɗaki in rufe ƙofa in kalle shi. Ba za ni ɓoye ba, na so tafiyar nan ƙwarai.

Kwana uku da ƙarar akwati, mata suka fara shigowa. A wurinmu ba a barin mai zuwa Makka ya tafi shi kaɗai, kowa na ɗora masa nasa. Wannan ta kawo ƙuli-ƙuli, waccan yajin daddawa a leda, wai abincin can ba ya riƙe ciki, sannan a rage murya a faɗi abin da ya kawo mutum. Mai neman haihuwa, mai ɗa da ya ƙi zama, mai ciwon da asibiti ya kasa. Akwai wata matashiya da aka ɗauke mijinta a hanyar Isa, wata biyu ba labari mai daɗi. Ita ba ta kawo komai ba. Ta faɗi sunansa sau uku, a hankali, ta ce in faɗe shi ina kallon Ka'aba. Na ɗauko tsohon littafin rubutun yara na rubuta a bayansa. Na gaya wa kaina cewa addu'ar matafiyi ma karɓaɓɓiya ce, kuma Ubangijin Makka shi ne Ubangijin ko'ina. Gaskiya ne, amma ba shi ta roƙa ba.

Sai ranar Alhamis da hantsi Inna ta shigo. Kowa Inna yake ce mata. Daga wani ƙauye na wajen Turba ta zo da iyalin ɗanta lokacin da zama ya gagara a can, suka kama gida uku daga namu. Ungozoma ce, ita ta karɓi auta a ranar da babu halin fita asibiti, ita ta yi mini wankan jego. Ita ce kuma ake kira idan mace ta rasu a unguwar. Ta tsufa, tari ya kama ta tun bara, ba ta cika fita ba.

Ta zauna a kan tabarma, ta huta, ta fiddo wani ƙunshi daga cikin zanenta. Farin yadi ne, an yanka, an ninke shi tsaf. Ban buƙaci a gaya mini ba.

"Na farin da na tanada ya ƙone tare da ɗakina," in ji ta. "Wanga shi na na biyu. Ki wanke mini shi da Zamzam, ɗiyata, ki shanya shi can, ranar can ta busar da shi. Ƙahwata ba ta zuwa. Bari tuhwana shi je."

Na sa hannu biyu na karɓa. Har yau ina jin sanyin yadin. Ta yi mini addu'a mai tsawo, ta shafa kan auta, ta ce za ta dawo ƙaramar Hajiya. Auta ta dube ni, ta cije leɓe. Da Inna ta fita na buɗe akwatin don in ajiye, sai ga malafar da ƙanena ya ce in saya saboda rana, da dogayen riguna masu launin ƙasa, wai farin kaya da mai ƙyalli ba sa yi a daji, da 'yar robar da ake hura wa yara su shiga ruwa. A kansu na ɗora likkafanin Inna. Zif ɗin ya ƙi rufuwa sai da na danna da gwiwa.

Da maigida ya dawo bayan Azahar na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce akwai mafita. A Sakkwato akwai masu sayar da kayan alhazai, a kan hanyar dawowa za mu sayi Zamzam na gaske mu jiƙa yadin, mu haɗa da dabino da tasbaha na tsaraba. Zamzam dai Zamzam ne. Sai a nan na gane abin yana da dawowa. Za a zo tarba ta, a sha ruwan da na miƙa da niyyar waraka, a tambaye ni yadda na ji da na fara ganin Ɗakin Allah, kuma a nan murmushi ba zai isa ba, sai na buɗe baki.

Na ce masa ba za ni iya ba. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya zauna a bakin gado ya gaya mini abin da bai so ya gaya mini ba. Shekaranjiya wasu samari biyu a kan babur sun tsaya a rumfarsa, ba su sayi komai ba, suka yi masa barka, suka tambayi yaushe Hajiya za ta tashi, kuma ta wace hanya za a bi. Bai san fuskarsu ba. Wataƙila 'yan acaɓa ne masu neman aikin rakiya zuwa tasha, wataƙila kuma ba su ba ne. Ya ce wannan a kan Umra ke nan. Gidan Inna kuwa baki ya fi goma, jikokinta a tasha suke wuni, abin da ya shiga kunnen ɗaya ya shiga kasuwa.

"Tsohuwa ta mutu tana murna," in ji shi, "ko a tare mu hanyar Goronyo da ɗiya cikin mota. Ki auna."

Abin da ya faɗa gaskiya ne. Na fita ƙarƙashin darbejiya na kira ƙanena, na tambaye shi a kaikaice ko za a iya juya tafiyar ta zama abin da mutane ke zato. Ya ce yanzu ba hali, an gama komai, biza ma daban ce, amma baɗi in Allah ya yarda shi da kansa zai kai ni. Na ce akwai wadda ban sani ba ko za ta ga baɗi. Bai gane ba, ni kuma ba na iya bayani a wurin. Don ya faranta mini rai ya tambaya ko na fi son ɗakin da ke kallon fitowar rana a kan ruwa. Na ce to.

Kwana biyu na yi ina zagaya akwatin kamar mai zagaya gidan rina. Idan babur ya tsaya a ƙofar gida sai in daina abin da nake yi har ya wuce. Idan na ji tarin Inna ta bayan katangu sai in ture kwanon tuwo. A sallah nakan manta raka'a. Abin da ya yanke mini hukunci ba wa'azi ba ne. Ina wanke wa auta kai ne ranar Asabar, ruwa yana gangarowa a wuyanta, sai na tuna hannun da ya fara yi mata wanka. Daga nan na hango ranar da za a kira mu gidan Inna, mu da ta koya wa aikin. Za a warware yadin nan, wata za ta ce a yi a hankali, wannan ya je Makka, kuma ina tsaye a wurin riƙe da buta.

Washegari da safe, maigida yana sa hula, na ce masa ina neman izini za ni gidan Inna in mai da mata kayanta, in gaya mata. Ya tsaya da hular a hannu. Na ga tsoro a fuskarsa, ba fushi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce bai hana ni ba, amma in san abin da na ɗauka, ba kaina kaɗai na ɗauka ba. Har ya kai zaure ya dawo ya ce in bari sai hantsi ya ɗaga, lokacin samarin gidan sun fita.

Na sa ƙunshin a ƙarƙashin hijabi, na riƙe hannun auta don ba wanda za ni bar wa ita. Gida uku ne, amma sai da aka tare ni sau biyu ana tambayar ranar tashi. Mun sami Inna a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Da ta ga yadda na durƙusa, ta dubi surukarta ta ce ta je ta samo mata kanwa a maƙwabta, kada ta yi sauri.

Na ajiye yadin a gabanta. Na faɗa mata duka, da ƙanena, da dajin, da tekun, da murmushin da na yi a bakin katanga, har da Zamzam ɗin Sakkwato. Ba ta katse ni ba. Ta share hannunta a zane, ta ɗauki likkafanin, ta warware ninki ɗaya, ta kai hanci.

"Ya yi warin sabon akwati," in ji ta.

Ta sake ninke shi yadda ta saba, gefe da gefe, ba gaggawa. Sannan ta ce, ba da dariya ba, mu daji ya koro mu ba takalmi, ke kuma jirgi za ki hau ki je ki same shi. Na ce haka ne, Inna. Ta tambaye ni, da ba ta kawo wannan ba, da na faɗa? Na ce a'a. Ta gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ya fi mini zagi.

"Kin san abin da na yi daren da na ba ki shi?" in ji ta. "Kwana na yi kamar jinjiri. Tun da munka baro gida ban yi irinshi ba."

Na sunkuyar da kai. Auta ta matso ta jingina da ni. Na roƙi Inna gafara, na roƙe ta kuma ta riƙe maganar saboda yarinyar nan. Ta ce ba sai na roƙa ba, ta karɓi haihuwa a gidajen da har yau ba wanda ya ji abin da ta gani. Sai ta tambaye ni batun sauran matan, na gaya mata littafin da sunayen. Ta yi tsaki, irin na uwa.

"Ku masu boko tsoro na sa ku yi nisa da abin da ke kusa. Wurin ƙanenki za ki ko ba wurinshi ba?"

Na ce wurinsa ne.

"To shi za ni gaya musu. Ba Umra ba ta, ziyarar ɗan'uwa ta. Giwa ta tsaya tsakanina da ke. Amma yarinyar da anka ɗauke wa miji, ke za ki je da ƙahwarki. Kwana ta ka ƙirga."

Ba ta yi mini doguwar addu'a irin ta ranar Alhamis ba, ba ta kuma raka ni ƙofa ba. Ta cusa ƙunshin a ƙarƙashin cinyarta, ta koma ɓarar gyaɗarta. Har na miƙe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, in ɗanɗana mata ruwan tekun ko da gaske gishiri gare shi.

Daga nan na wuce gidan matashiyar. Ta saurare ni tana tsaye riƙe da tsintsiya. Idonta ya kawo ruwa amma bai zubo ba. Ta ce to, in faɗi sunansa duk inda na sa goshina. Na yi mata alkawari, kuma wannan na cika, a cikin tanti da kan yashi da filin jirgi.

Kafin La'asar magana ta zaga unguwa. Maƙwabciyata ta gan ni ta ɓaraguzan katanga ta juya baya, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau. Wata ta aiko a mai da mata kwanonta. Maigida da ya ji yadda aka yi bai ce na kyauta ba, bai ce na yi kuskure ba, ya dai matso da ranar tashinmu da kwana biyu bai gaya wa kowa ba, ya ce akwatin zai koma cikin buhu, ya fita a cikin lodin hatsi. Samarin nan biyu, har yau ban san ko su wane ne ba. Mun yi tafiyar, na ga giwa da ɗanta, na ɗanɗana ruwan, na kuma kawo wa Inna kaɗan a gorar roba ta tabbatar da kanta.

Amma a yammacin ranar ban san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da na sani shi ne na buɗe ƙofar da mijina ya ce a rufe, kuma akwai hanyar Goronyo a gabanmu. Na shiga ɗaki na jawo akwatin daga bayan gado don in gyara kayan. Wannan karon zif ɗin ya rufu ba wahala. A waje babur ya rage gudu daidai ƙofarmu, na riƙe numfashi har ya wuce. Auta tana bakin ƙofa tana kallona, ta daɗe a wurin. Ta shigo a hankali, ta ɗora yatsa ɗaya a kan hannun akwatin, ta rage murya kamar yadda ta ga muna yi.

"Umma, tunda an faɗi gaskiya, yanzu ina iya jan shi?"